Turancin da Zai Fisshe Ku

'Ya'yana da jikokina na Bani Malik, da waɗanda har yanzu suke unguwar, da waɗanda rusau ɗin shekarar 2022 ya tarwatsa zuwa wasu sassan Jidda, ko Makka, ko ma can gida Kano da Maraɗi, maganar Turanci zan yi muku. Na san wani zai yi murmushi ya ce tsoho ya rasa abin faɗa: ga zancen iƙama, ga kuɗin haya, ga neman abin sawa a baki, shi kuma sai zancen yaren Nasara. Ku yi haƙuri ku saurara, zancen duk ɗaya ne.

Kakanninku da ƙafa suka zo ƙasar nan. Ta Barno da Wadai da Darfur suka bi, suna tafe suna yada zango, a yi noman shekara ɗaya ko biyu a tara guzuri a ƙara gaba, har su kai bakin Bahar Maliya su hau jirgin ruwa daga Sawakin. Ayarin ya ƙaru bayan 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa Sudan da sauran jama'a. Waɗanda suka iso Hijaz sun zo da Hausa a baki da Larabcin littafi a ka, suka tarar ba shi ake yi a kasuwa ba. Dole suka koma 'yan koyo da furfurarsu, a wajen dako da ga-ruwa da gadi. Albarkacin wannan wahala kuka tashi da harshe biyu ba tare da kun san ranar da kuka koya ba, har sunan Hausawi ya hau bayan rigar 'yan ƙwallon ƙasar nan, irin su Usama Hausawi. Abin da nake roƙonku bai kai rabin abin da suka yi ba.

Jidda kuwa a kan idonku ta sauya. Tun da aka ƙaddamar da shirin Saudiyya na 2030 a shekarar 2016, aka buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019, aka fara tseren motoci a bakin teku a 2021, baƙin da ke sauka filin jirgin Sarki Abdul'aziz ba alhazai kaɗai ba ne. Ku leƙa Balad, tsohon gari, da yamma, ku ga masu ɗaukar hoton tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, ku ji da wane harshe suke tambayar hanya. Hukuma ma ta farga: daga 2021, tun aji ɗaya na firamare ake fara koya wa yara Turanci a makarantun gwamnati. Da yawa daga cikinku ba ku samu wannan kujera ba, a makarantun cikin unguwa kuka yi karatu, wasu ma iyakarsu allo. Ga ƙofofin sana'a suna ta rufuwa. Kun ga yadda aka yi da shagunan waya na Titin Falasɗinu a 2016, da aka ce sayarwa da gyara duk sai ɗan ƙasa. Wanda ya koma gida kuwa ya fi kowa sanin zafin abin. Yaro ya sauka Kano da Larabci tsaf a bakinsa, a miƙa masa fom a banki ya tsaya yana juya biro. Jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, kowane fanni mutum zai karanta, ko da Larabcin ne, sai ya rubuta Turanci. A Nijar ma, dokar da aka kafa a Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma ta bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

In akwai mai jin ƙyashi ta fuskar addini, ya tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu. Wannan ya wadatar.

Kada girman ƙamus ya razana ku. Turawan kansu ba sa amfani da mafi yawan abin da ke cikinsa. Wani malami, Michael West, ya tsamo kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a harshen ya wallafa a 1953, kuma masana sun auna sun ga irin waɗannan kalmomin su ne wajen kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum, a hira ma sun fi haka. Muryar Amurka ta fara wani shiri a 1959 da ake karanta labaran duniya a hankali da kalmomi kusan 1,500 kacal, yaƙi da siyasa da kimiyya duk suna shiga ciki. Saboda haka ku bar dogon Turanci ga masu neman a tafa musu. Mu mutanen Najeriya muna da wannan ciwon, mutum ya haddace kalma mai gaɓa biyar da ko shi bai san inda ta dosa ba, alhali bai iya tambayar kuɗin mota ba.

Ku fara da Turancin da kuskure a cikinsa yake da tsada. Ba wanda zai koya muku bambancin "khuruj wa auda" (bizar fita a dawo) da "khuruj niha'i" (fita ba dawowa), don kun ga abin da kalma ɗaya ta yi wa mutane. To Turanci ma cike yake da irin waɗannan tagwaye. Fom ɗin fasfo zai tambaye ka "surname" da "given name". Na farko sunan gida ne, na biyu sunan yanka. Mu kuwa sunanmu ya saba tafiya da na uba da na kaka, wani lokaci har da na gari, sai yaro ya juya su yau haka gobe haka, ya rubuta Muhammad a nan Mohammed a can, daga baya ya yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi don takardu sun ƙi haɗuwa. Ka zaɓi tsari ɗaya da harafi ɗaya, wanda ke cikin fasfo, ka riƙe shi har abada. Wurin da aka rubuta "relationship" kuma, kada ka sa "brother" ga ɗan unguwarku don kun tashi tare. A wurinmu ɗan'uwa ne, a wurin mai duba takarda sai wanda kuka haɗa uwa ko uba, in ya bincika ya ga ba haka ba maƙaryaci zai ɗauke ka. Tikitin jirgi in ya ce 12:30 AM, rabin sa'a ne bayan sha biyun dare, wato ranar tana shigowa ke nan. Wanda ya ɗauka azahar ce zai iso filin jirgi ya tarar jirginsa ya daɗe da sauka Kano. "Fine" tana nufin lafiya lau, tana kuma nufin tara. "Resign" ajiye aiki ne, "re-sign" sake sa hannu ne, ɗan layin nan na tsakiya kaɗai ya raba su. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba don kunyar a ce ba ka iya ba.

Sai asibiti, inda likita da Turanci yake rubutu, nas ɗin kuma sau da yawa 'yar Filifin ce ko 'yar Indiya, Larabcinta bai wuce na gaisuwa da "fi alam?" ba. "Twice a day" sau biyu a rana ne. "Every other day" kuwa a sha yau a tsallake gobe. Uwar da ta haɗa waɗannan biyu ta ninka wa ɗanta magani sau huɗu. Haka lambobi: "fifteen" da "fifty", "thirteen" da "thirty". Na farkon ana jan ƙarshensa da nauyi, na biyun nauyin a farko yake, ƙarshen a gajarce. In kana shakka, ko a kan magani ko a kan riyal, ka ce "one five or five zero?", ko ka buga lambar a waya ka nuna. 'Yan kasuwar Indiya haka suke yi, ba wanda ya raina su.

Yanzu bari in taɓa bakinku, don ku kuna da matsalar da ta fi ta kowa ban dariya. Larabci ba shi da harafin "p", Balarabe sai ya mai da shi "b". Bahaushe kuma ya mai da shi "f". Shi ya sa lemo ɗaya, wannan ya ce Bebsi, wancan ya ce Fefsi, ku kuma da kuka gaji gida biyu kuna iya yin kowanne, gwargwadon wanda kuka kwana kuna hira da shi. A shago ba komai, za a miƙo maka abin da kake so. Amma a asibiti "pill" ƙwayar magani ce, "bill" takardar biyan kuɗi, "fill" kuma cika fom. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka riƙe 'yar takarda a gaban leɓenka. Ka rufe leɓe biyu ka sake su da iska, in takardar ta motsa ka yi "p". In ba ta motsa ba "b" ka yi. "F" ɗin Turanci kuwa sai haƙoran sama sun hau leɓen ƙasa, ba irin namu da ake hurawa tsakanin leɓe ba. Ku yi ta yi bayan sallar asuba, ko ƙannenku za su yi dariya. Kuna da riba kuma da ba ku sani ba: duk wanda ya yi tajwidi ya riga ya mallaki sautin nan biyu na "th" da ke wahalar da 'yan boko a gida, don su ne na "sa'un" mai ɗigo uku da "zalun". Sautin farkon "church" kuma, da ke ba Balarabe wuya, shi ne "c" ɗinmu na ciki da cokali.

Inda aka fi faɗuwa shi ne inda Hausa ko Larabci ke kwance a ƙarƙashin Turancin mutum bai sani ba. Ku duba aro. Mu abin da ya dame mu shi ne me za a mayar: in abin da kansa zai dawo, aro ne, in madadinsa ne, rance. Bature bai damu da wannan ba, shi alƙibla yake kallo. Mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend". Don haka "borrow me your pen" da ake ta yi a Najeriya, Hausa ce da sauran harsunan gida sanye da rigar Turanci. Ka ce "lend me". Kalmar "ji" ɗaya ta ishe mu ga sauti da wari da ɗanɗano da zafi da fahimta, su kuwa kowanne da tasa, "I hear the smell" ba ta da ma'ana a kunnensu. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha taba, mu sha iska, mu sha wahala. A Turanci abin ruwa kaɗai ake "drink", ƙwaya "take" ake yi. Daga Larabci kuma kun ɗauko buɗe fitila da rufe waya, alhali su "turn on" da "turn off" suke cewa, kiran waya kuma "hang up".

Biyu sun fi jawo rashin fahimta, don suna taɓa ladabi. In Bahaushe zai ɗan fita ya ce "ina zuwa", kowa ya gane. In ka ce wa manajanka "I'm coming" ka juya ka fice, zai tsaya yana kallon ƙofa yana mamaki. Abin faɗa shi ne "I'll be right back". Sai "sannu", wadda ba ta da 'yar'uwa a Turanci. Mutum ya yi tuntuɓe ka ce "sorry", sai ya ce ai ba kai ka ture ni ba, don a kunnensa laifi ka amsa. Tambaya suke yi, "are you okay?" Ka wuce mai aiki ka ce "well done" da nufin sannu da aiki, shi yabo ya ji daga wanda ya zo duba aikinsa, in ya girme ka ma yana iya ganin rashin kunya. A nan kam Larabci ya fi kusa da mu, yana da "salamat" da "ya'ɗikal afiya". Kada ku ga laifin Turanci, kowane harshe da inda ya yi rowa.

Hausa ta riga ta ba ku jari, don ta ari ɗaruruwan kalmomi: tebur, bokiti, direba, tikiti, asibiti, makaniki. Sai dai wasu sun sauya hali a hanya. Mota daga "motor" take, amma a can injin ake nufi, abin hawan "car" ne. Waya daga "wire", famfo daga "pump", kwalta daga "coal tar". In ka mayar musu da su yadda muke nufi, ba za su gane 'ya'yansu ba.

Game da karin maganarsu da salon zancensu, shawarata ita ce ku koya don ku gane, kada ku yi gaggawar faɗa. Ku tuna yadda namu yake. Mace ta sauka, tsoho ya kwanta dama, wane ya ci fuskar wane, an ja wa yaro kunne: baƙon da ya bi kalma ɗaya ɗaya ya ɓata. Haka in aka ce abu "piece of cake" ne, ba kek a wurin, sauƙi ake nufi. "Under the weather" ɗan rashin jin daɗin jiki ne. Wanda ya fara magana da "I'm afraid" ba tsoro yake ji ba, shimfiɗa yake yi kafin ya ba ka labari mara daɗi. In ka je neman aiki aka ce "we'll get back to you", ka gode, amma ka ci gaba da nema, ƙanwar "bukra" ce, wato "sai gobe". Littattafan koyo suna son cusa wa ɗalibi zancen ruwan sama na kyanwa da kare, wanda da wuya ka ji wani ya faɗa a hira. Ainihin wahalar tana cikin ƙananan kalmomin da ba a ɗauke su komai ba. "Put on" sawa, "put off" ɗagewa, "put up with" haƙuri da abu. "Run out of" ƙarewa ne, ba gudu. "Look after" kula, "look for" nema. Waɗannan ake yi dare da rana, su ya kamata su ci lokacinku. Karin magana kuma, sai ka ji ta a bakin masu ita sau da yawa, ka san gaban wa ake faɗarta da gaban wa ba a faɗa, kafin ka ɗauka.

Yadda za ku koya ba sabon abu ba ne a wurinku, tsarin allo ne. Ba a rubuta wa yaro izu guda a rana. A rubuta kaɗan, ya biya da ƙarfi har ya zauna, a wanke, a ƙara, kuma ba a barin tishe. Kalma biyar a rana da ake komawa kanta gobe da jibi da mako mai zuwa ta fi hamsin da aka haɗiye a dare ɗaya. Kuma kada ka rubuta kalma ita kaɗai, ka rubuta ta da abokan tafiyarta. Ba "appointment" kawai ba, "make an appointment", "cancel an appointment". Ka samu ƙaramin littafi a aljihu, abin da ka gani a allon tashar jirgin ƙasa na Haramaini, ko a kwalin magani, ko a saƙon banki, ka kwafe. Alamun titin Jidda da yawa harshe biyu ne, malami ne kyauta ga mai Larabci. Wayarka ma ka juya ta zuwa Turanci, tunda ka riga ka san inda komai yake. BBC na da darussan koyon Turanci kyauta a intanet, gajeru, ana magana a hankali. Ƙamus kuwa, wanda zai iya samun na Neil Skinner na Turanci da Hausa, ko na Roxana Ma Newman na 1990, ya riƙe. Idan ƙafa ta yi ƙarfi sai a koma na Oxford na masu koyo, wanda ke bayyana Turanci da Turanci mai sauƙi. Manhajar fassara tana da amfani a kan kalma, amma kada ka ba ta amanar wasiƙar neman aiki ba tare da wani ya duba ba.

Za ku ji Turanci iri-iri a garin nan, na Indiya, na Filifin, na Masar, na Legas, na Ingila da na Amurka. Duk ku saba kunnenku da su, don da su za ku yi hulɗa. Amma ku san "same same" da "no have" na kasuwa ne, kamar yadda kuka san Larabcin da ake yi da leburori ba shi ake rubuta wa hukuma ba. Burokan gida ma harshe ne mai zaman kansa, yana da ranarsa, sai dai ba ranar ganawar neman aiki ba. A rubutu ku zaɓi hanya ɗaya, kuma tunda Najeriya ta Ingila take bi, ita ta fi muku. Ku lura da kwanan wata: 3/4 a wurin ɗan Ingila uku ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke huɗu ga Maris.

Ku kuma 'yan matana, kunya ado ce, amma ba a nan ba. Ku ne kuke kai yara asibiti, ku ne kuke zuwa makaranta in an kira iyaye, wasunku suna aiki a gidaje da shagunan kwalliya tare da baƙi. Ku haddace jimla biyu kafin komai: "Please say it again slowly" da "What does this mean?" Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya yi muku dariya, ku tambaye shi harshe nawa yake ji, ku kuna kan na uku.

Kada kuma garin neman na uku ku saki na farko. Ina jin yadda Hausar wasunku ta fara tsinkewa, rabi Larabci, sauran a daddafe. Kujerun Hajjin Najeriya sun kai 95,000 a shekarar 2024, ban da na Nijar da Gana da masu Umra duk shekara, kuma mafi yawansu da Hausa suke kuka in ciwo ya kama su. Wanda zai tsaya tsakanin tsohuwa daga ƙauyen Katsina da likita ɗan Pakistan da ma'aikacin otal Balarabe, ku ne, ba wani. Aikin kuwa yana son wanda ya san harsunan har ciki. Tsohuwa za ta ce zuciyarta tana tashi. Mai rabin Hausa zai ce wa likita "heart", a tura ta awon zuciya a ɓata mata yini, alhali amai take ji, "nausea" ke nan. Ta ce jiri, "dizzy". Ta ce hawan jini gare ta da ciwon suga, "high blood pressure" da "diabetes". In kuma likitan ya duba ya ce "heartburn" ne, kada ka tayar mata da hankali ka ce zuciyarta ce ta ƙone. Ƙwannafi ne, ta rage yaji da maiƙo, kada kuma ta kwanta da zarar ta gama cin abinci.